Yadda mai hawan jini zai duba ƙodarsa kafin shanyewar ɓarin jiki ta same shi

Ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a cikin ƙoda kusan irinsu ɗaya ne da waɗanda ke ciyar da can cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini duka yake ci. Shi ya sa da zarar ƙoda ta fara gazawa, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yake ƙaruwa. Ita kuwa ƙoda ba ta ciwo da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura, aiki ya riga ya yi nisa.

Da farko, idan ka je asibiti kada ka tsaya a awon hannu kawai. Ka nemi gwaji biyu. Ɗaya na jini ne, ana auna kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda ke fitarwa daga jini, daga shi ake fitar da lambar eGFR mai nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Idan ta tsaya ƙasa da 60 har wata 3, ciwon ƙoda ya zauna. Ɗayan na fitsari ne, ana neman furotin mai suna albumin, kuma daga miligiram 30 zuwa sama a kan kowane giram na kiriyatinin ɗin fitsari alama ce ƙoda na yoyo. Wannan na fitsarin shi aka fi tsallakewa, alhali sau da yawa shi ke fara tona asiri tun gwajin jini na nuna lafiya lau. Ka maimaita su aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sai ka riƙa auna jininka a gida, a zaune, bayan hutun minti 5, kana rubutawa a littafi. Galibi likitoci na son ya sauka ƙasa da 130/80.

Idan an ga furotin, likita zai iya ɗora ka kan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan, domin suna kare ƙoda. Bayan mako 1 zuwa 2 a sake duba kiriyatinin da sinadarin fotashiyam a cikin jini. Mai juna biyu ba ta shan su. Kada ka ajiye magani don ka ji garau.

Daga nan sai kicin da kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafi. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake haɗa wa mutane a leda bayan an dawo daga gona, suna gajiyar da ƙoda, suna kuma ɗaga jini. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

In kuwa baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti nan take. Kada a ba mara lafiyar asfirin sai an ɗauki hoton kai, don wata shanyewar daga fashewar jijiya ce.