Bin Sawun Kuskure a Scikit-learn: Mai Ihu da Mai Shiru

Ranar da na fara taɓa scikit-learn, laburaren Python na koyon na'ura, ban kai ga koyon na'urar ba sam. Yammaci guda na ƙarar a kan layi ɗaya, `ModuleNotFoundError: No module named 'sklearn'`, alhali da idona na ga an girka shi. Ashe Python biyu ne a kwamfutar. Pip, mai girka laburare a Python, ya zuba laburaren a ɗaya, ni kuma ina ta gudanar da kod da ɗayan.

In haka ta same ka, kada ka sake girkawa sau goma kamar yadda na yi. Rubuta `import sys`, sannan `print(sys.executable)`, ka ga wane Python ne ke aiki. Daga nan ka ware wa aikin nasa muhallin da `python -m venv .venv`, ka kunna shi, ka girka da `python -m pip install scikit-learn`. Wannan `python -m` ɗin shi ke tabbatar da cewa wanda ya karɓi kayan shi ne zai yi aiki da su. Ka lura da sunan kuma: wajen girkawa scikit-learn ne, wajen kira a cikin kod `sklearn`. A da `pip install sklearn` yana wucewa, yanzu an toshe shi. Sai ɗan hakin da ka raina: kada ka raɗa wa fayil ɗinka suna `sklearn.py`. Python zai fara duba foldar da kake ciki, ya ɗauko naka, ya ce maka `'sklearn' is not a package`.

Laburaren nan ya kwana biyu. David Cournapeau ne ya fara shi a 2007 ƙarƙashin shirin Google Summer of Code, masu bincike na cibiyar INRIA ta Faransa suka fitar da shi ga jama'a a 2010. Na kawo tarihin ne don intanet cike take da tsofaffin darussa da ba wanda ya share. Za ka kwafo `from sklearn.cross_validation import train_test_split`, ya ƙi, ka ɗauka laifinka ne. An cire wannan sashen tun siga ta 0.20 a 2018, ya koma `sklearn.model_selection`. Haka `load_boston`, an fitar da shi a siga ta 1.2. Kafin ka zargi kanka, duba `sklearn.__version__` ka gwada da shekarun darasin.

Dogon jan rubutun da Python ke zubowa yana razana sabon shiga, amma daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe ne ke faɗin abin da ya faru. Sai ka hauro a hankali har ka iske layi na ƙarshe mai ɗauke da sunan fayil ɗinka. A nan hannunka ya taɓa matsalar. Sauran duk cikin hanjin laburare ne, da wuya laifin ya kasance can.

Ni dai kafin kowane `fit`, wato umarnin horar da na'ura, sai na buga `print(X.shape, y.shape)`; X bayanan da za ta koya daga gare su ne, y kuma amsoshin da ake so ta hasaso. Scikit-learn yana son X ya zama jadawali mai layuka da ginshiƙai, y kuma jeri ɗaya mai tsawo daidai da yawan layukan. Idan ka ga `Expected 2D array, got 1D array instead`, jeri ka miƙa masa a gurbin jadawali. A pandas, laburaren sarrafa jadawali, `df["tsawo"]` jeri ne, `df[["tsawo"]]` jadawali ne mai ginshiƙi ɗaya, bambancin ke nan. Saƙon zai ba ka shawarar `reshape`, kuma a nan mutane ke yin canki-canka har jan rubutun ya ɓace. Ka tsaya ka yi tunani: `reshape(-1, 1)` na nufin layuka da yawa masu siffa ɗaya, `reshape(1, -1)` na nufin layi ɗaya tak mai siffofi da yawa, irin wanda za ka ba `predict`. Shi kuwa `inconsistent numbers of samples`, kusan kullum na iske na yi `dropna`, mai zubar da layukan da ke da gurabe, a kan X na manta da y. Ka tsabtace jadawalin tun yana haɗe, sannan ka raba.

Guraben da ba komai da rubutun da ya shiga cikin lambobi ba sa cin lokaci. `df.isna().sum()` da `df.dtypes` za su tona su. Alamar tambaya ɗaya a ginshiƙin lambobi ta isa ta mayar da shi duka rubutu, sai ka ji `could not convert string to float`. `SimpleImputer` yana cike gurabe, `OneHotEncoder` yana juya rukunai zuwa lambobi; ka sa masa `handle_unknown="ignore"` don kada baƙon rukuni ya kayar da shi gobe.

Akwai kuma `ConvergenceWarning`, wanda ba ya tsayar da aiki, gunaguni kawai yake yi. Gwada `LogisticRegression` a kan `load_breast_cancer`, bayanan cutar dajin nono da ke zuwa tare da laburaren, layuka 569 da ginshiƙai 30, za ka gan shi. Wasu ginshiƙan suna kaiwa dubbai, wasu ba su kai ɗaya ba, don haka zagaye 100 da aka ƙayyade masa ba sa isar sa. Mutane kan ɗaga `max_iter` zuwa 10000 su ce an gama. Ni ban yarda da wannan ba. Ka daidaita ma'aunin ginshiƙan da `StandardScaler`, gunagunin zai tafi da kansa.

Duk waɗannan masu ihu ne, kuma ina gode musu. Wanda ya taɓa kunyata ni bai ce uffan ba.

Na taɓa horar da samfuri don hasashen waɗanda za su daina amfani da wata manhaja. Maki ya fito kusan cikakke, har na tura wa abokan aiki ina washe baki. Wata a cikinsu ta yi min tambaya ɗaya: yaushe ake cike ginshiƙin nan na dalilin rufe asusu? Bayan mutum ya tafi ake cike shi. Amsar jarrabawa na miƙa wa na'ura, ita kuma ta kwafa, ba ta koyi komai ba. Tun ranar nake bin ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kaina: a lokacin da za a nemi hasashen, shin wannan bayanin ya riga ya samu? In bai samu ba, waje.

Satar amsa tana da wata ƙofa da ta fi wannan sirri. Ka yi `fit_transform` na `StandardScaler` a kan bayanai gaba ɗaya, sannan ka raba su kashin horo da kashin gwaji. Matsakaicin da aka lissafa ya riga ya leƙa kashin gwajin. A wajen daidaita ma'auni ɓarnar kan zo kaɗan, amma idan zaɓen ginshiƙai ka yi ta wannan hanya, kana iya samun maki mai kyau daga lambobin da ba su da wata alaƙa da y. Maganin shi ne ka ɗaure matakan a igiya ɗaya:

```python
from sklearn.datasets import load_breast_cancer
from sklearn.pipeline import make_pipeline
from sklearn.preprocessing import StandardScaler
from sklearn.linear_model import LogisticRegression
from sklearn.model_selection import cross_val_score

X, y = load_breast_cancer(return_X_y=True)
samfuri = make_pipeline(StandardScaler(), LogisticRegression())
print(cross_val_score(samfuri, X, y))
```

Zai yanka bayanan kashi 5, kuma a kowane zagaye ma'aunin daga kashin horo kaɗai ake koyonsa. Lambobi biyar za su fito. Kada ka tsaya ga matsakaicinsu, duba tazarar da ke tsakaninsu.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin yadda aka raba ma yana yaudara. Bayanan furen Iris layuka 150 ne, iri uku, hamsin-hamsin, kuma a jere suke iri bayan iri. Yanki 100 na farko da hannu don horo, ka gwada da 50 na ƙarshe: sifili za ka samu, don na'urar ba ta taɓa ganin iri na ukun ba. `train_test_split` yana gauraya su kafin ya ware kashi 25 cikin 100 don gwaji. Ƙara masa `stratify=y` don kowane rukuni ya samu rabonsa, da `random_state` don gobe ka sake samun abin da ka samu yau. Amma gaurayawar ba kullum take daidai ba. Idan mutum ɗaya yana da layuka da yawa, zai faɗa ɓangarorin biyu, na'ura ta haddace shi. `GroupKFold` ke hana wannan. Idan bayanan na bin kwanan wata ne, gaurayawa na nufin hasashen jiya da labarin gobe, sai ka koma `TimeSeriesSplit`.

Kafin ka yi murna da kowane maki, tambayi `DummyClassifier`. Shi ba ya duba X ko kaɗan, rukunin da ya fi yawa yake faɗa kullum. A bayanan cutar dajin nan, 357 cikin 569 ƙari ne marar illa, saboda haka zai ci kusan 63 cikin 100 ba tare da ya gano mai cutar ko ɗaya ba. Inda rukuni ɗaya ya kai 99 cikin 100, shi ma 99 zai ci. Shi ya sa nake buga `confusion_matrix`, in ga su wa aka rasa.

Idan aiki ya yi, adana igiyar gaba ɗaya da `joblib.dump`, ba samfurin shi kaɗai ba, in ba haka ba ranar amfani za ka ba shi lambobin da ba a daidaita ba, ya ba ka amsa ba tare da ƙorafi ba. A take ka buga `python -m pip freeze > requirements.txt` ka ajiye kusa da shi, don buɗe fayil ɗin da wata siga yakan jawo `InconsistentVersionWarning`, wani lokacin ma ya ƙi buɗuwa. Fayil irin wannan da wani ya turo maka kuma, in ba ka yarda da shi ba kada ka buɗe: `joblib.load` yana iya gudanar da duk kod ɗin da aka cusa a ciki.