Yadda Za A Tanadar Wa Kyanwa Wurin Hawa Da Hana Ta Yakushin Wasa

Kyanwa dabba ce mai son hawa sama da wasa farata, don haka idan ba a tanadar mata wurin kanta ba, kujerun falo da labule ne za su sha wahala. Mai neman dandamalin kyanwa, wato abin hawa mai ginshiƙi da take wasa farata a jikinsa, a Gusau zai fi samun sauƙi idan ya je wurin kafinta, ya buƙaci gindi mai faɗi da nauyi, domin kyanwa ba ta yarda da abin da yake rawa a ƙarƙashinta. Ginshiƙin ya kai santimita 80, yadda za ta miƙe jikinta sosai, a naɗe shi da igiya mai kauri, sannan a ajiye shi kusa da taga.

Yakushin wasa kuwa, yawanci mu ne muke koya mata shi tun tana ƙarama, lokacin da muke ba ta hannu ta kama. A ɗaura gashin kaza a bakin sanda a riƙa ja mata, musamman da yamma. Idan ta kai wa hannu farce, a daina wasan nan take, kada a doke ta, domin duka tsoro kawai yake haifarwa.

Idan ta ji wa yaro ciwo, a wanke wurin da sabulu da ruwa sosai, a kai shi asibiti idan ba a yi mata rigakafin ciwon haukan kare ba.