Idan kwamfuta tana ɗaukewa da zarar ka tura aiki firinta

Shagona yana Misfala, nan Makka, kuma buga takarda ke ciyar da ni: tikitin jirgin alhazai, kwafin iƙama, takardun asibiti. Kukan da abokan sana'a suka fi kawo mini shi ne ana tura aiki firinta sai kwamfuta ta mutu ta taso da kanta. Kowa kuma shawararsa ɗaya, wai a goge Windows a sa sabo. Kada ka yi gaggawa, sau da yawa laifin yana jikin bango ne.

Fara da lura da yadda take mutuwa. In ɗif take ɗaukewa daidai lokacin da firinta ta fara gurnani, har fitilar ɗaki ta ɗan lumshe, to maganar wuta ce. Firintar leza tana da wani bututu mai narkar da hodar tawada a jikin takarda, zafinsa yana kusantar digiri 200, kuma lokacin ɗumama shi tana zuƙar wuta sosai. In suna kan ekstenshin ɗaya da kwamfuta, wutar ta faɗi na ƙiftawar ido, shi ke nan kwamfuta ta tafi. Mafi muni shi ne a jona firintar a ƙaramin UPS (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) mai 650VA, kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. UPS na kwamfuta ne da allonta kawai.

Sai ka kai filogin firinta soket na bango, wanda ba layi ɗaya yake da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ko firji ba, ka sake tura takardar nan da ta kashe ta. Mu da ke tsofaffin gidaje akwai ƙarin hattara: wani ginin har yanzu yana da soket mai volt 127 da mai volt 220 a ɗaki guda. Karanta abin da ke rubuce a bayan firintar, in da hali a gwada maka soket ɗin da mita.

In ka raba su amma ba ta daina ba, sai a waiwayi direba, wato manhajar da ke haɗa firinta da Windows. In direba ne ya jawo matsalar, Windows yakan nuna shuɗin allo mai bayanin kuskuren, amma yana sake tashi kafin ka karanta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl (haka ake rubuta shi ko da kwamfutarka da Larabci take), shiga Advanced, sai Settings na ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Yanzu allon zai tsaya, ka ɗauke shi hoto da waya.

Wannan ba sabon abu ba ne. A watan Maris na 2021 sabuntawar Windows 10 mai lamba KB5000802 ta riƙa jawo shuɗin allo mai rubutun APC_INDEX_MISMATCH a kan wasu firintoci, ciki har da Kyocera da Ricoh, har sai da Microsoft ya fitar da gyara bayan 'yan kwanaki. In tsohuwar kwamfuta gare ka da ta daɗe ba ta ga intanet ba, ka fara sabunta ta.

Gwaji mai sauƙi: tura takardar zuwa Microsoft Print to PDF, wanda ke cikin jerin firintoci amma fayil yake fitarwa maimakon takarda. In ta fita lafiya, takardar da manhajar da ka buɗe ta da ita ba su da laifi. Sai ka sake danna Windows da R, ka rubuta services.msc, ka tsayar da Print Spooler mai jera ayyukan da aka tura firinta, ka share duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake kunna Print Spooler ɗin. Cire firintar daga jerin na'urori, danna Windows da R ka rubuta printui /s /t2, ka goge tsohon direban gaba ɗaya. Sabon kuwa daga shafin kamfanin firintar za ka sauke, ka bar faifan da ya zo a kwali, ya tsufa.

In duk an yi wannan tana nan da halinta, canza kebul ɗin USB, ka soka shi a ramin bayan kwamfutar. Sannan buɗe akwatin kwamfutar ka hure ƙurar da ta toshe fanka, don zafin Makka ba ya raga wa inji. Kwamfutar da ke ɗaukewa ko ba a buga komai ba, akwatin wutar cikinta ne ya gaji, kai wa mai gyara ya gwada da wani kafin ka sayi sabo.