Kai iyali kallon namun daji cikin mota: kurakuran da aka fi yi

Mutumin Damagaram da ke son yaransa su ga namun daji suna yawo abinsu, ba a cikin keji ba, dole ya yi tafiya. Ko ya bi ta Matamaye ko Magarya ya faɗa Kano, ya zarce Bauci ya shiga Yankari; ko ya nufi Gadabeji a ƙasar Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018; ko ya je Kure ɗin kanta, kilomita wajen 60 kafin Yamai. Tafiya ce mai cin kuɗi da jiki, kuma yawancin abin da ke ɓata ta ba daga dabbobin yake fitowa ba, daga cikin motar ne.

Babban kuskuren shi ne miƙa abinci. Mu mutane ne da suka tashi da dabba a tsakar gida, yaro tun yana rarrafe ya saba miƙa wa ragon layya dusa da harawa, ragon ya lashi tafinsa a yi dariya. Da wannan sabon ake shiga daji. Ga kuma halinmu na kunyar ci a gaban mai kallo: biri ya zauna ya zuba wa uwargida ido tana cin fanke, sai tausayi ya kama ta ta gutsura ta jefa masa. A sansanin Wikki na Yankari gwaggon birai da gadu suna yawo ne tsakanin ɗakunan baƙi, kuma abin da ya zaunar da su nan shi ne irin wannan kyautar. Birin da aka ba yau, gobe ba zai tsaya roƙo ba, fizga zai yi. Ya riga ya gane cewa leda a hannun mutum abinci ce, ya kuma gane cewa yaro da mace sun fi saurin saki. Babban namiji cikinsu fiƙarsa ta fi ta kare tsawo, ba abin wasa ba ne. Iyalin da suka ba shi sun koma gida da hotuna, iyalin da suka zo bayansu su ke biyan bashin.

Gyaran ba wuya. Tun kafin a isa ƙofa a gaya wa yara ƙa'ida, a gaya wa manya ma, don kaka ta fi jika karya ta. In yaro ya ce, "Baba, in ba shi biskit ɗaya tak?" amsar ita ce a'a, sannan a ba shi aikin yi: ya ƙirga birai nawa ne, ya nemo wadda ke goye da ɗa a baya. Guzuri kuwa, kilishi ne, dabino ne, burodi ne, a kulle shi a but ko a jaka mai zif, a ci a ɗaki da ƙofa da taga a rufe. Kada a bar yaro ya fita da abinci a hannu ko da daga ɗaki zuwa mota ne.

Akwai gidajen da aka gina musamman don a ciyar da dabbobi daga mota, an fi samunsu a Amurka da Turai, bidiyonsu ne ke yawo a salula har yara su ɗauka ko'ina haka ne. Can ma abincin da gidan ya sayar kawai ake bayarwa, kuma yawanci cikin bokiti ake miƙawa, ba a tafin hannu ba, don jakin dawa yana cizo, jimina kuma tana saran duk abin da ke ƙyalli, zobe ne ko ɗan kunne. In kun sami kanku a irin wannan wuri, babba ya riƙe bokitin, in dabba ta ja a sakar mata, kada a yi ja-in-ja. Amma Yankari da Gadabeji da Kure ba irin waɗannan ba ne. Daji ne, dabbar ta san abincinta. Raƙumin dawa ganyen gawo da na itatuwan ƙaya yake ci, ba shi da buƙatar masararku.

Leda ma ta shiga wannan babi. Duk mahaucin da ke fiɗa a Damagaram ya san abin da ake cirowa daga tumbin akuyar da ke kiwo a bola. Cikin gwanki da na mazo ba su fi nata ƙarfi ba. Ku riƙe jaka ɗaya ta shara a mota, ledar ruwa da ɓawon alewa su koma tare da ku.

Sai fita daga mota don hoto. Wannan laifin maigida ne galibi, shi ne mai son a ga ya matsa kusa. Raƙumin dawa yana da sanyin kama, amma harbinsa ɗaya yana iya karya mutum. Na Kure kuma ba kamar sauran ba ne: irinsu na Afirka ta Yamma sun ragu har zuwa 49 a 1996, da ƙyar aka farfaɗo da su suka haura 600. Dabbar da ta sha wannan wuya ba a kewaye ta da ihu da tafi. Giwa mai ɗa, ɓauna da ta ware ita kaɗai, dorina a bakin ruwa, waɗannan ko jagora ba ya musu gangancin matsawa. Ba a sauka sai inda ya ce a sauka. Ba a yin oda, ba a kunna waƙa, ba a tare wa dabba hanya, a bar wa mota wurin ja da baya. A danna makullin ƙofofin baya na yara, gilashi kuma a ɗaga shi in birai na kusa, domin tazarar da hannun yaro zai fita ta ishi hannun biri ya shigo.

Jagora kansa wasu na ganin kuɗin banza ne. Ba haka ba ne. Shi ya san inda aka ga sawu da asuba, shi ya san hanyar da ke kafe mota. Ku gaishe shi da mutunci, ku ce, "Malam, me ba a yi a nan?" kafin ku tambaye shi ina zaki. Zakin ma kada ku yi wa yara alkawarinsa, ana iya kwana uku ba a gan shi ba, sai su raina gwanki da kanki da ke gabansu.

Lokaci: da yawa suna jiran babban hutun makaranta, wanda ya faɗo cikin damina, ciyawa ta yi tsawo, ruwa ko'ina, dabbobi sun warwatsu. Rani ya fi, daga sanyi zuwa bazara, sa'ad da ƙishi ke tara su a bakin ruwa, kamar kogin Gaji na Yankari. Da sassafe ko da la'asar ake fita, tsakar rana suna kwance a inuwa. Kuma shaddar nan shuɗiya mai duhu da baƙar abaya a bar su cikin akwati, ƙudan tsando ya fi bin shuɗi da baƙi. Kaya masu ruwan ƙasa da dogon hannu sun fi.

Kafin a tashi a tambayi direbobin tasha da hukuma halin hanya da na iyaka. A Kure ne aka kashe mutum 8 a watan Agustan 2020, saboda haka ba wurin da za a ɗebi iyali a nufa bisa labarin bara ba ne. A riƙe katin ɗan ƙasa da na rigakafi, a cika tanki a gari na ƙarshe, daga ƙofar Yankari zuwa Wikki kaɗai ya haura kilomita 40.

In kuma tsautsayi ya faɗa, biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, kuskuren da ake yi shi ne a shafa man zafi ko toka a ɗaure da tsumma a ce ƙaramin ciwo ne. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a sanar da ma'aikatan gandun, a nufi likita a ranar don a duba batun allurar haukan kare da ta sandarewar jiki. Kada a ce sai an dawo Damagaram.