Yadda ake bin sawun siyasar Jamhuriya ta Farko a Kaduna

Duk mai son rubutu a kan yadda aka kafa Tarayyar Najeriya ta fuskar Arewa, a Kaduna zai samu mafi yawan takardun, domin nan ne hedikwata tun da aka taso daga Zungeru a 1917 har aka rushe Jihar Arewa a 1967. Amma kada ka shiga gidan adana takardu ka ce kana neman "tarihin siyasa". Ba wanda zai iya ɗauko maka wannan.

Ka fara ɗaure tambayarka da shekara, saboda kowane tsarin mulki ya canja mai sa hannu a takarda. Tsarin Richards na 1946 ya kawo majalisun jihohi, wato na Arewa, Yamma da Gabas. Na Macpherson na 1951 ya kawo zaɓe da ministoci, a shekarar ce kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe daga ƙungiya ta zama jam'iyyar NPC. Jam'iyyar adawa ta NEPU ta riga ta, tun 8 ga Agusta 1950 a Kano. Tsarin Lyttelton na 1954 shi ya mai da ƙasar tarayya, Sardauna ya zama Firimiya. Arewa ta samu mulkin kai a 15 ga Maris 1959, ƙasa ta samu 'yanci a 1 ga Oktoba 1960, ta zama jamhuriya a 1963. Rubuta waɗannan a bangon littafinka.

Sai ka nufi Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon, da takardar gabatarwa daga makaranta ko wurin aiki da katin shaida. Nemi kundin jerin fayiloli tukuna. SNP na nufin ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Na larduna kuwa za ka ga KANOPROF, ZARPROF, SOKPROF da ire-irensu. A nan yawancin mutane ke yin ɓatan kai, don suna nema da sunan jihar yau. Babu jihar Kaduna a lokacin. Maganar Zangon Kataf ko Kachia tana cikin takardun Lardin Zazzau, ta Jama'a kuwa a na Lardin Filato. Lardin Sardauna bai ma samu ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta haɗe Arewacin Kamaru da Najeriya. Ka kuma bi rubutun Turawa: Bornu, Sokoto, Zaria. Kalmar "jiha" ita ma tana yaudara, domin a rubuce-rubucen lokacin tana nufin Arewa ɗungurungum.

Kada ka nemi fiye da fayil uku ko huɗu a zama ɗaya. Rubuta cikakkiyar lambar fayil, kwanan wata da sunan wanda ya rubuta kafin ka kwafi ko kalma ɗaya. Wanda ya bar wannan sai ya koma gida, da wuya ya sake gano inda ya ciro maganar. Karanta 'yan bayanan da Razdan da Di'o suke rubutawa da hannu a gefe, sau da yawa nan gaskiyar ra'ayinsu take. Takardun sun tsufa, musamman kwafin kabon, suna karyewa a hannu: fensir kawai, ba yawu a yatsa, kuma ka nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Daga nan sai Gidan Arewa a Titin Rabah, gidan da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tambayi bayanan muhawarar Majalisar Wakilai da ta Sarakuna na Arewa, waɗanda suka zauna a Lugard Hall, da tsofaffin jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa. New Nigerian kuwa a 1 ga Janairu 1966 ta fara, don haka mako biyu kacal ta gani na wannan zamanin. 'Yar'uwarta ta baya, Nigerian Citizen, ita za ka nema.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɗalibi ya karanta fayil ya ɗauka ya ji kowa. Fayil muryar gwamnati da En'e ne. Ɗan NEPU yakan bayyana a ciki ne a matsayin wanda 'yan doka suka kama ko aka kai gaban alƙali, haka mutanen UMBC, jam'iyyar yankin Tsakiyar Najeriya ta Joseph Tarka. Matan Arewa ba su ma jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, wanda Arewa ta samu kujeru 174 cikin 312, alhali irin su Gambo Sawaba suna shan ɗauri a kan siyasar. Saboda haka duk abin da ka gani, kamar rikicin Kano na Mayu 1953 da ya biyo bayan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai ga Najeriya, ka nemo masa kafa uku: fayil, jarida, da bakin dattijo. In ka je wurin dattijon, ka gaisa, ka nemi izinin naɗar murya, sannan ka tambaye shi gidansu na Salama ne (NPC) ko na Sawaba (NEPU) kafin ka tambaye shi wa ya fara jifa.