Yadda ake zana launi a kan tangaran mai ƙyalli ba tare da ya ɓare ba

Wannan aiki ba na tukunyar ƙasa ba ne, irin wadda ake gasawa da kirare a fili. A kan tangaran ake yin sa, wanda aka riga aka gasa har fuskarsa ta zama gilashi. Ka shiga kasuwa ka sayi farin faranti ko farin tayil marar ado, sabo fil. Farantin da aka daɗe ana cin abinci a ciki yakan fito da baƙaƙen ɗige-ɗige bayan gashi, saboda maiƙo da ruwan da ya sha. Tayil ya fi araha, a kansa ya kamata mai koyo ya yi ɓarnarsa ta farko.

Shi launin da ake zanen da shi gari ne, sinadarin ƙarfe haɗe da garin gilashi mai saurin narkewa. Gilashin nan ne ke narkewa a wuta ya kama ƙyallin farantin. Fentin kanti ƙonewa kawai zai yi, kada ka wahalar da kanka. Goge farantin da sifirit, daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin da za a yi zane.

Wurin kwaɓi ne masu koyo ke faɗuwa. Ɗebi garin ɗan kaɗan a bakin wuƙa ka zuba a kan tayil, ka ɗiga masa man kwaɓi, wanda masu sayar da launin ke sayarwa tare da shi. Sai ka kwantar da wuƙar ka riƙa murzawa kana tattarowa. Da farko za ka ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin wuƙar. Muddin kana jin wannan ƙara bai yi ba, ko da ido ya ce maka ya yi. Ci gaba har ya yi laushi, kaurinsa kamar na man goge baki, in ka tara shi ya tsaya bai malale ba. Masu gaggawa mai suke ƙarawa don su huta da murza, sai launin ya zurara a wuta, layin da aka ja siriri ya fito a baje. Ni ɗigon man kanumfari guda nake sa wa don kada ya bushe da wuri, fiye da haka ɓarna ce.

Sannan shafawa. Ƙyalli ba ya tsotson komai, duk abin da burushi ya ajiye yana nan zaune a sama. Saboda haka shafin farko ya zama siriri, har kana hango farin farantin ta cikinsa. Mai koyo zai ga ya yi fari-fari, ransa bai kwanta ba, sai ya lafta. In an buɗe tanderu sai a tarar ya yi ƙuraje, ko ya tsage ya ɓare har da ɓallin ƙyallin, kuma wannan ba shi da gyara. Launi mai ƙarfi a hankali ake gina shi: a shafa, a gasa, a sake shafawa, a sake gasawa, sau biyu ko uku. Kafin gashi kuwa duk kuskure auduga da sifirit na ɗauke shi. In lokacin hunturu ne ka kifa kwali a kan aikin, domin ƙura na manne wa man.

Ruwan hoda da shunayya, waɗanda da zinare ake haɗa su, sun fi son wuta, su ake fara gasawa wajen digiri 800. Ja, wanda da sinadarin baƙin ƙarfe ake haɗa shi, ya biyo baya da wuta ƙasa da haka, kuma kada ka gauraya shi da rawaya, cinye shi take yi. Ruwan zinare, wato zinaren da ake shafawa don ado, shi ne na ƙarshe. Launin ƙasa yake da shi kafin gashi, kada ka ɗauka cutarka aka yi.

Gashin duka tsakanin digiri 700 ne zuwa 850 a ma'aunin Salshiyos, tandar kek ba ta kai ko rabi. Tanderun lantarki tsada gare shi, ga ɗauke wuta, gara ku haɗa kaya ku kai wa mai shi ku raba kuɗin. A bar murfin a ɗan buɗe har hayaƙin mai ya ƙare, a rufe, kuma kada a buɗe sai ya huce sarai. Wasu launukan akwai dalma a cikinsu, ita kuwa guba ce, don haka in ba a rubuta babu ita a jikin kwalbar ba, zane ya tsaya a bayan kofi ko a farantin ado, ban da inda abinci ko leɓe zai taɓa.