Yadda za ka nemi zama ɗan ƙasar Amurka ko da samunka kaɗan ne

Mutanenmu da yawa masu green card, wato katin zama na dindindin a Amurka, irin su direbobin tasi da mata masu aikin kula da tsofaffi a Bronx da ke birnin New York, sun cika shekarunsu tuntuni amma sun ƙi nema, wai tsoro suke kar a ce samunsu bai kai ba. Wallahi abin nan yana damuna, don babu inda doka ta ce sai kana samun kaza. Maganar ko za ka zame wa gwamnati kaya, lokacin neman green card ake duba ta, kai kuma ka riga ka wuce nan.

Da farko lissafa shekarunka: 5 da green card, ko 3 in kana auren ɗan ƙasa kuna tare. Kana iya tura fom ɗin N-400, wato na neman zama ɗan ƙasa, saura kwana 90 su cika. Ka duba fasfonka kuma, in ka taɓa zuwa gida ka zarce wata 6 to za a tambaye ka.

Sai haraji, nan fa mutane ke tuntuɓe. Shiga shafin IRS, hukumar haraji ta Amurka, ka ciro bayanan harajinka na shekarun, kyauta ne. In ana bin ka bashi kar ka ɓoye, ka yi yarjejeniya da su ta biya kaɗan-kaɗan ka riƙe takardar da rasit ɗinka ka tafi da su ranar intabiyu. Wanda yake karɓar kuɗi a hannu ya ƙi rubutawa don kar a cire masa, ko ya rubuta ba shi da aure alhali yana da mata don ya samu ragi, shi ne ya ja wa kansa, don abin da jami'in hukumar shige da fice ta USCIS yake aunawa shi ne halinka da gaskiyarka. Haka ma kuɗin ciyar da yara in kun rabu, ka ajiye shaidar kana biya.

Yanzu kuɗin fom. Tun 1 ga Afrilu 2024 dala 710 ne ta intanet, 760 ta takarda. In samun gidanku bai wuce kashi 150 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati ba, ko kana kan tallafin lafiya na Medicaid ko na abinci na SNAP, cika fom I-912 a yafe maka gaba ɗaya. In ya wuce haka amma bai haura kashi 400 ba, dala 380 za ka biya. Duka biyun, yafewar da ragin, ta takarda ake turawa, ka haɗa da wasiƙar tallafin ko takardun harajin. Ka leƙa shafin USCIS kafin ka tura don farashi yakan canja.

Karɓar tallafin da ka cancanta ba laifi ba ne. Amma in ka san akwai lokacin da ka karɓa bayan ka rage samunka a takarda, dakata, nemi lauyan shige da fice ya duba maka tukuna kafin ka sa hannu.